Ɗakin Hayaniya da Ɗakin Shiru

Kusan shekara huɗu na yi ina zama teburin poka, wato cacar karta, a garin nan na Kaduna, kuma yawancin zaman a ɗaki biyu na yi shi. Na san hukuncin caca a addini, ba sai an tuna mini ba, ban kuma zo wanke kaina ba. Labarin ɗakunan nan biyu kawai zan bayar, don na daɗe ina zaton karta ce ke yanke wa mutum hukunci, ashe ɗakin da ya zauna ya riga ya yanke rabi tun kafin a raba.

Na farkon yana ƙetaren kogi, a bayan wani wurin shaƙatawa a Barnawa. Janareta na ruri, talabijin na nuna ƙwallon Ingila, hayaƙin mai suya na shigowa ta taga, ga wani yana waya da ƙarfi a kan tirelar masara da ta maƙale a hanyar Birnin Gwari. Mu tara muke cika teburin. Yawancinsu 'yan kasuwa ne da dillalai da suka taso da Whot, wasan da ba a ajiye karta a huta: kana ciki har ƙarshe, in ba ka da abin sakawa ka tafi kasuwa. Da wannan ɗabi'ar suka shigo poka. A Texas Hold'em, wanda shi muke yi, kowa karta biyu ake ba shi a rufe, sannan a buɗe biyar a tsakiya, uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya. Wanda ya iya wasan yakan zubar da mafi yawan abin da aka raba masa tun ba a buɗe komai ba. A Barnawa kuwa zubarwa kamar abin kunya ce. Mutum shida, bakwai za su zuba kuɗi don kawai su ga ukun farko.

A irin wannan teburi burga ba ta aiki. Duk yadda ka haɗe rai ka tura kuɗi, sai an sami wanda zai bi ka yana dariya, wai so yake ya ga abin da kake taƙama da shi. Abin da ke aiki shi ne haƙuri. Ka zauna ka ci suyarka, ka jira karta mai kyau, in ta zo ka ƙara kuɗi, za a biya ka. Ba wanda ke lura cewa awa guda ba ka shiga ba, domin idon kowa na kan ƙwallo. Haka na riƙa tashi da riba mafi yawan darare, har kaina ya kumbura.

Wani abokina ne ya kai ni na biyun, a wani gida a Malali. Tun daga ƙofa na ji bambanci: sanyin esi, teburi mai koren ƙyalle, mai raba karta na musamman da ba ya wasa, babu talabijin, babu komai sai ruwa da shayi. Ba ka jin komai sai ƙarar tsabar roba da ake lissafin kuɗi da ita. Samari ne masu ƙarancin magana, a waya suka koyi wasan, sun buga hannu, wato zagayen wasa, dubbai kafin su taɓa riƙe karta ta gaske. Kowannensu ya san labarin Chris Moneymaker, akawun nan na Amurka da ya samo kujerarsa ta intanet ya ci gasar duniya a Las Vegas a 2003, ya tafi da dala miliyan 2.5. Kowannensu kuma ya san cewa in kana da karta huɗu masu alama iri ɗaya, kamar zuciya, bayan an buɗe ukun farko, karta tara ne suka rage da za su cika maka ta biyar, damarka kusan kashi 35 cikin ɗari ce in ka jira biyun ƙarshe. Ni a lokacin ban san wannan ba. Inda babu ƙasa ake gardamar kokawa, to ranar na ga ƙasa.

Haƙurin da ke ciyar da ni a Barnawa shi ya kashe ni a Malali. Cikin rabin awa sun karance ni. In na ƙara kuɗi, kowa ya zubar, in kwashi 'yan canji. In na yi shiru, su riƙa tsinke ni kaɗan-kaɗan da kuɗin dole da ake zubawa kowane zagaye. A cikin shirun nan har haɗiyar yawunka ana ji. Kuma da yake mai rabawa ƙwararre ne, babu musun ƙwallo, babu jiran wanda ya fita sayen kati, hannun da ake bugawa a awa ya fi na Barnawa yawa nesa, don haka wanda bai iya ba da wuri aljihunsa ke faɗa masa gaskiya. Dare uku na je, ribar wata biyu ta tafi.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga ba esi ne ya koya musu wasa ba. Ɗakin ne ke tace mutane. Wanda ya wuni a kasuwar Sheikh Gumi yana ciniki ba zai zo da dare ya zauna tsit kamar mai rubuta jarrabawa ba. In ya zo sau ɗaya, ba ya dawowa. Sai a bar gwanaye su kaɗai suna jujjuya kuɗi a tsakaninsu, maigida na cire kamashonsa a kowane hannu. Ni a ganina shi kaɗai ne mai ribar gaske a gidan nan.

Na koma Barnawa, amma na koma da halin Malali, kuma nan na yi wauta. Na fara cewa a rage ƙarar talabijin. Na fara tsaki in wani ya daɗe yana waya alhali shi ake jira. Dama ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya riga ya sanyaya teburin, don mutumin da ke zaro damin kuɗi daga aljihun babbar riga ba tare da ya ƙirga ba, in ya koma tura kuɗi ta waya yana ganin adadin da idonsa, sai hannunsa ya yi nauyi. Maimakon in lallaɓa abin da ya rage, sai na ƙarasa shi.

Akwai wani Alhaji mai sayar da motoci, shi ne ran teburin. Shi ke sayen suya, shi ke tsokanar kowa, shi ne kuma ya fi kowa asara, ko a jikinsa. Wata rana ya bi ni da karta marar kan gado, ta ƙarshe ta faɗo masa, ya kwashe. Raina ya ɓaci, na shiga yi masa lissafi a gaban jama'a, karta nawa suka rage, kashi nawa cikin ɗari. Ya bari na gama, ya goge hannunsa da takardar suya.

"Ɗana, ka gama?"

"Na gama, Alhaji. Gaskiya ce dai na faɗa."

"Na ji gaskiyarka. Amma ni hutawa na zo yi, makaranta tun tuni na bar ta."

Ya yi dariya, kowa ya yi, aka ci gaba. Sati na gaba bai zo ba. Na bayansa ma haka, kuma abokansa uku da shi ke jawo su suka ɗauke ƙafa. Kujerun ba su daɗe a banza ba, domin ni da bakina na taɓa ba samarin Malali labarin wurin, biyu daga cikinsu suka fara zuwa da abin toshe kunne.

Zuwana na ƙarshe mu biyar ne. Talabijin na kunne amma an kashe muryarsa, mai suya ya matsa da tukubarsa bakin titi. Muka yi awa uku ba wanda ya yi dariya, na tashi da abin da bai kai kuɗin Keke zuwa Tudun Wada ba. A bakin ƙofa maigida ya tare ni, ya tambaye ni ko ina da lambar Alhaji.