Tarihin Rayuwata, kashi na 7: Kartar da aka jona wa wuta

Wancan satin na ce zan kawo labarin tashinmu daga Fagge, to ku yi haƙuri, jiya na ga yarona ya duƙufa kan waya sai maganar Baffa ta faɗo min, sai na sauke ta tukuna.

1994 ne, shekarar da Rashidi Yekini ya ci Bulgeriya ya kama raga yana ihu, saboda ƙwallon Amurkan nan ma aka sayi tibi mai kala a gidanmu. Bayan an gama ƙwallo Kawu na Legas ya zo da wani kwali ya miƙa min. Ni ya miƙa wa, hannu da hannu, ina nanatawa ne don har yau akwai masu cewa wai na yaran gida ne duka. Gem ce irin jabun nan da ake kwaikwayon Famicom, na'urar gem ta kamfanin Nintendo, hannu biyu na danna wasa, bindigar roba, da kaset rawaya da aka rubuta wai gem 999 ne a ciki, ashe ba su fi goma ba sauran duk maimaici ne.

Sai ka zare eriya ka soka wayarta a bayan tibi, ka yi ta murɗa tasha har yayyafin nan ya washe. In kaset ya ƙi ka ciro ka hura masa iska fuu ka goge a riga ka mayar. Adafta kuwa ya yi zafi kamar dutsen guga. A gem ɗin Mario ba a ajiye inda ka tsaya, sau ɗaya tak na kai mataki na 8 hannuna na rawa ƙannena sun yi tsit a bayana, ɗif aka ɗauke wuta. Kuka na yi wallahi.

Ko wata biyu ba ta yi ba. Ran nan ina gem ɗin harbin agwagi, na kuskure, karen cikin gem ɗin ya leƙo daga ciyawa yana min dariya, sai ga Baffa tsaye a ƙofa. Ya daɗe yana kallo sannan ya ce, "Wannan ai karta ce aka jona wa wuta." Ya naɗe wayoyin da kansa, wai tana kashe tibi tana hana Islamiyya. Gaskiya na yi fashi sau biyu, ban musa ba. Inna na bakin murhu ba ta ce uffan ba, wa zai ja da yayan miji.

Da ƙaramar sallah aka aike ni sashensa da tuwo, me zan ji? Kiɗan Mario. Ɗansa ne zaune da hannuna a hannunsa. Ashe karta a ɗakinmu kaɗai take karta.

Daga nan na koyi hanyar gidan gem a Sabon Gari, kuɗin tarana duk can suke tafiya, Sega ce da Street Fighter da Mortal Kombat, wanda aka ci ya miƙa hannu ya koma layi. Manyan samari kuwa kuɗi suke zubewa a kan benci kafin a fara, can na fara ganin caca ta gaske da idona, kuma Baffa ne ya tura ni ko bai sani ba.

Abin haushin, sai da na girma na karanta cewa Nintendo ɗin tun 1889 aka kafa shi a Kyoto ta Japan, kuma karta yake bugawa kafin ya shigo harkar gem. Karta fa! Na yi dariya ni kaɗai a shago, lokacin Baffa ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa, da yana nan ma ba zan faɗa masa ba.

Ranar da aka buɗe durowarsa za a raba kaya bindigar kawai aka samu, wayarta ɓera ya cinye. Na miƙa hannu, ɗan nasa ya riga ni ɗauka, wai tasa ce tun yana yaro. Mu haɗu sati mai zuwa, maganar tashinmu daga Fagge na nan.