Da muka kashe mitar gidanmu da hannunmu

A watan Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, kuɗin wuta, yunit ɗaya ya tashi daga kusan naira 68 zuwa naira 225. Layinmu a Kano yana cikin wannan rukuni. Katin da a da yake kai mu ƙarshen wata sai ya koma ƙarewa tun ba a je ko'ina ba. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 muka lulluɓe shi da buhu a lungu. Ni da Malam duk koyarwa muke yi, albashi kuma yana nan inda yake.

Ni na kawo shawarar. Na ce, "Malam, mu kashe wutar nan daga mita mu ga iya gudun ruwanmu." Ya yi shiru, can ya ce, "To, amma a bari sanyi ya shigo, saboda Hajiya." Mahaifiyarsa tana tare da mu, kuma tana fama da hawan jini. Ana cikin jira, a watan Oktoba, aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta yi fiye da mako a duhu. Da wuta ta dawo unguwa, yara na ihun murna a waje, mu sai muka bar mitarmu a kashe.

Ruwan sha bai ba mu wahala ba. Hajiya ta sa aka sayo sabuwar randa, ta wanke ta, ta turara ta, aka girke ta a kan yashi a inuwar ɗakin girki. Da hantsi ruwanta har haƙori yake kamawa. Kayan miya kuma na yi musu dabarar nan da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunyar waje yana bushewa, yana tafiya da zafin ciki. A busasshiyar iskar hunturu tumatir da tattasai sun yi mini kwanaki ba su yi laushi ba. Nama dai bai shiga ba. Shi sai suya a ranar da aka sayo shi, miya kuma a tafasa ta da dare, a sake da safe.

Wayoyi da fitilar karatun yara, ƙaramin faifan sola ya ɗauke mana. Yara suka koma barci da an yi Isha, tashin Asuba ya daina zama rigima.

Guga ce ta gwada mini ƙarfi. Dutsen gawayi yana da nauyi, sai ka yi ta fifita shi, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya huda farar shadda. Gawayin ma ba kyauta ba ne, kuma raina ba ya kwanciya da shi, don na san bishiya aka sare. Duk wannan aikin, da jiƙa yashi da ɗumama miya da ɗora ruwan wanka, a kaina ya tattaru. Wanda zai gwada irin wannan a gidansa, ya fara tambayar matar gidan.

A zaman duhun nan ne na fara juya kayan gida ina karanta lambar da ke bayansu. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na awa ɗaya. Dutsen gugarmu wat 1,000 ne, wato gugar awa guda yunit guda. Hitar da muke tsomawa a bokiti ta fi shi ci. Ƙwan fitila na zamani kuwa wat 9: ko ya yi awa 5 kowane dare, a wata bai kai yunit ɗaya da rabi ba. Ashe duk faɗan da ake wa yara a kan kashe ƙwai, kuɗin yana tafiya ne ta wajen abin da ke zafafa ƙarfe da ruwa.

Azumin 2025 ya faɗo a Maris, bazara ta kankama. Muka fito tsakar gida da tabarmi da gidan sauro, duk da haka Hajiya ta kwana tana juyi, mafici a hannu, autana kuma ƙurajen zafi suka feso masa a wuya. Da sahur na ce wa Malam a kunna. Bai ce komai ba, ya tashi ya ɗaga makunnin.

Yanzu fanka ce ke aiki a ɗakin Hajiya da na yara, sai ƙwai, sai firji da muke kunnawa da rana don ƙanƙarar buɗa baki da magani. Hitar na ba da ita, ruwan wanka a rana nake shanya shi cikin baƙin bokiti. Guga ranar Asabar kawai, a tara a yi gaba ɗaya. Randa tana nan, don Hajiya ta ce ba ta ƙara shan ruwan firji.