Mai tafiya karatun musaya, ga abin da za ka gama tun kana Kano

Duk lokacin da aka fitar da sunayen ɗaliban da za su je karatun musaya a Turai, sai ƙannena na unguwa su fara sallama a ƙofar gida bayan isha'i, don sun san na taɓa yin zango guda a Jamus. Tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne: biza, sanyi, abinci. Amma ni abin da nake fara tambayar kowa shi ne, shugaban sashenka ya sa hannu a takardar kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can?

Ɗan musaya ba ƙaura ya yi ba. Sunansa na nan a rajistar jami'arsa, nan zai dawo, nan za a ba shi digiri. Shi ya sa shirin musayar ɗalibai na Erasmus, wanda Turawa suka fara tun 1987, yake da takardar yarjejeniyar karatu da mutum uku ke sa wa hannu: ɗalibi, jami'arsa ta gida, da wadda za ta karɓe shi. A ciki ake rubuta kwas kaza na can zai maye gurbin kwas kaza na nan. Lissafinsu kuma daban yake da namu. Suna amfani da tsarin auna nauyin kwasa-kwasai da ake kira ECTS, inda zango guda cikakke yake kiredit 30, shekara 60. To sai ka zauna da jami'in jarrabawa na sashenku, ku daidaita nasu da namu, a rubuce, da hatimi. "Je ka kawai, in ka dawo ma duba" ba magana ba ce da za ka riƙe, ko daga bakin malamin da ya fi ƙaunarka ta fito, domin kafin ka dawo ana iya canza masu riƙe da ofis. Na san yarinya mai ƙoƙari da ta dawo da sakamako mai kyau, ta ƙare da maimaita zango saboda babu wannan takarda. Har yau abin yana min ciwo. Kuma in ka isa can ka tarar an soke wani kwas, ko lokacinsa ya ci karo da wani, kada ka canza ka yi shiru. Aiko da gyaran gida a sa hannu a makonnin farko.

Maganar biza gajera ce. Ta Shengen ta ɗan gajeren zama, wato wadda ake shiga ƙasashen Turai da dama da ita, kwana 90 kawai take ba ka a cikin kwana 180, zangon karatu kuwa ya fi haka, don haka bizar ƙasar da za ka ta dogon zama za ka nema. Nemi ranar ganawa da wuri, ka tanadi inshorar lafiya.

Kuɗi: kada ka dogara da tallafin karatun a makon farko, yakan jinkirta sai ka buɗe asusun banki a can. Je Wapa ka canji 'yan yuro da za su riƙe ka, ka roƙi ƙananan takardu. Mai ɗakin haya zai nemi kuɗin ajiya kafin ya miƙa maka makulli. A Jamus kuma doka ce ka yi rajistar adireshinka a ofishin gari cikin mako biyu da tarewa, kuma wannan takardar ce banki zai nema.

Sai tsarabar Hajiya. Na san za ta aika a sayo kilishi da dambun nama da man shanu, ta ƙulle da kyau cikin leda biyu. Ka lallashe ta. Tarayyar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara daga ƙasashe irin namu, kwastan za su ƙwace. Kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji su ne abokan tafiya. Ita daddawa a zuba ta a kwalba mai murfi, in ba haka ba duk shaddodinka sai sun ɗauki warinta. Rigar sanyi kuwa bari sai ka isa ka saya. Wadda ke raba ka da hunturun Kano ba za ta yi komai a Disambar can ba.

Abin da ya fi sanyi wahalar da ni shi ne duhu. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk su same ka tsakanin laccoci. Samo jadawalin sallah daga masallacin garin, galibi na Turkawa ne, ka tambayi ɗalibai Musulmi inda suke sallah a makaranta. Amma kada ka liƙe wa 'yan gida kaɗai. In an raba aikin rukuni, shiga na waɗanda ba ka sani ba. Kuma duk jimlar da ka ɗauko daga wani littafi ko intanet, ka faɗi inda ka samo ta, don satar rubutu kan kayar da ɗalibi a kwas gaba ɗaya.

Kafin ka taho gida, tabbatar da yadda takardar sakamakonka za ta iso ofishin sashenku, ka soke rajistar adireshinka, ka sa mai ɗaki ya duba ɗakin a gabanka don a mayar maka da kuɗin ajiyarka kafin ka rufe asusun banki.