Laraba: octopus, virus da sauran tarkunan -us

Bayan isha'i.

Aikin yau duba kundin kammala digiri ne a fannin nazarin halittu, kuma jan biro ya fi yawo a wuri guda: jam'in kalmomin da Turanci ya aro daga Latin. A shafi na 12 an rubuta bacterias, a na 30 criteria ta zo a matsayin tilo, can a na 57 kuma sai ga virii da wasalin i har biyu. Kurakurai uku, kowanne da ciwonsa daban.

Biyun farko ba su da wuya. Bacteria jam'i ce tun asali, tilonta bacterium, don haka ɗora mata -s kamar Bahaushe ne ya ce "gidajoji". Yawancin masu ƙarewa da -um haka suke tafiya: stratum da strata, curriculum da curricula, medium da media. Criteria kuwa ba ma 'yar Latin ba ce, daga Girkanci ta fito, tilonta criterion, ƙanwarta phenomenon mai jam'in phenomena. Masu -a suna komawa -ae, larva da larvae. Masu -is suna komawa -es, a ja wasalin ƙarshe wajen faɗa: crisis da crises, thesis da theses. Wannan ne ya sa axes ke zama jam'in axis da kuma na axe, gatari ke nan, rubutu ɗaya, sai baki ya bambanta su.

Inda gizo ke saƙa shi ne -us. An koya wa kowa fungus da fungi, nucleus da nuclei, sai mutum ya ɗauka duk kalmar da ta ƙare haka -i za a maƙala mata. Alhali Latin na da rukunin sunaye biyar, kuma -us na fitowa a uku daga ciki. Rukuni na biyu kaɗai ne ke ba da -i. Na uku yana canza cikin kalmar: genus ya zama genera, corpus ya zama corpora. Na huɗu ba ya canza rubutu ko kaɗan, wasalin u ne kawai ke tsawo, kuma a nan status, apparatus, hiatus da prospectus suke. Wanda ya rubuta stati ya yi kuskure sau biyu, Baturen yau bai faɗa ba, Baroman da ma bai faɗa ba. Statuses ake cewa.

Hanyar ganewa ba ta wuce minti ɗaya. Ƙamus na Latin yana kawo kowane suna da siffa biyu, ta farko ita ce sunan, ta biyu siffar mallaka. Ta biyun za a duba. In ta ƙare da -i, kamar fungus, fungi, rukuni na biyu ne. In ta ƙare da -eris ko -oris, kamar genus, generis, jam'in -era ko -ora ne. In ta sake ƙarewa da -us, na huɗu ne, a ƙara -es na Turanci a wuce. In kuwa kalmar ba ta cikin ƙamus ɗin a matsayin suna, to a yi hattara, nan ne manyan ramuka suke.

Octopus ke nan. Girkanci ce, okto takwas, pous ƙafa. Wannan -us ɗin jikin kalmar "ƙafa" ne, ba ɗafa-ƙeyar Latin ba ce da za a cire a sa wata. Jam'inta a Girkanci octopodes, wanda kusan babu mai faɗa sai don nishaɗi. Octopi ta yaɗu har wasu ƙamusoshi sun karɓe ta, amma ni octopuses nake bari a rubutun ilimi, haka ma platypuses.

Virus ta fi su ban mamaki, don ita 'yar gida ce, a rukuni na biyun ma take. A Latin tana nufin dafi ko wani ruwa mai yauƙi, abin da ba a ƙirgawa, kuma ba a sami jam'inta a rubuce-rubucen Romawan da ba. Viri akwai ta, amma jam'in vir ce, wato maza. Virii kuwa sai a ce tilon virius ne kafin ta yiwu, kamar radius da radii, kuma babu wata kalma virius. Abin da na rubuta a gefen shafi na 57 ke nan: viruses, shi ke nan.

Mai kundin ya zo karɓa da la'asar, ya tsaya yana karanta jan rubutun. "Malam, to ignoramus fa? Na taɓa jin wani ya ce ignorami." Na ce masa ai wannan ba suna ba ce ma, aikatau ce, ma'anarta "ba mu sani ba". A kotunan Ingila na da, masu tantance tuhuma ne ke rubuta ta a bayan takarda idan hujja ba ta isa a gurfanar da mutum ba. Ta koma nufin jahili ne bayan wasan kwaikwayon George Ruggle na 1615, inda aka raɗa wa wani lauya wannan suna. Ita -mus ɗin tana nufin "mu" ne. Mandamus da lauyoyi ke faɗa har gobe haka take, "muna umarta".

Wadda na fi so ita ce omnibus. Jam'i ce tun farko, ma'anarta "domin kowa", kuma a Faransa aka fara kiran keken dokin haya da ita a shekarun 1820, kafin George Shillibeer ya kai irinsa Landan a 1829. Turawa suka datse kan kalmar suka bar wutsiya, bus, wadda ba komai ba ce face ɗafa-ƙeyar nahawu marar ma'ana ita kaɗai. Mu muka karɓa muka ce bas, muka yi mata namu jam'in, bas-bas.

Akwai kuma waɗanda jam'insu ya rabu biyu, kowanne da aikinsa, kuma nan mai gyara ke iya ɓata abin da yake daidai. Antennae na ƙwari ne, antennas na rediyo. Indices a lissafi, indexes a bayan littafi. Appendices ga rataye na ƙarshen kundi, likitoci kuma kan ce appendixes. Formulae da formulas duka sun halatta, sharaɗin kawai a riƙe ɗaya daga farko har ƙarshe. Alumni ta fi kowace shan wahala a takardun neman aiki: namiji ɗaya alumnus ne, mace ɗaya alumna, mata zalla alumnae, alumni kuma maza ko gauraye. Mutum ɗaya ba ya zama alumni.

Ba na jan biro a kan agenda. Jam'i ce a Latin, "abubuwan da za a yi", amma Turanci ya daɗe da mayar da ita tilo har ta haifi agendas. Data na bin sawunta: mujallun kimiyya da yawa na ɗaukarta jam'in datum, sauran jama'a kuma abu ɗaya, mu ma "data ta ƙare" muke cewa. Stamina jam'in stamen ce, ba mai tunawa. Ita kanta trivia, kalmar da Turawa ke kiran irin waɗannan ƙananan bayanai da ita, jam'in trivium ce, mahaɗar hanya uku, kuma sunan darussa uku na makarantun Turai na da: nahawu, manɗiƙi da balaga.

Da mai kundin ya tashi tafiya ya nuna mini takardar tarihin karatunsa, ya tambayi jam'in curriculum vitae. Curricula vitae ne. Kalmar farko kaɗai ke canzawa, domin vitae a nan ba jam'i ba ce, mallaka ce, "na rayuwa".