Ɗaure misel na folima don kada magani ya zube a hanya

Magungunan ciwon daji irin su faklitaksel da dosetaksel ba sa jituwa da ruwa, shi ya sa ake nema musu abin hawa kafin a ɗura su a jijiya. Misel na folima, wato ɗan dunƙulen da dogayen sarƙoƙin sinadari (folima) suke haɗuwa su yi, yana cikin waɗannan ababen hawa. Ana ɗauko sarƙa mai gida biyu, gefe ɗaya folimar PEG mai son ruwa, ɗaya gefen kuma folimar PLA ko PCL mai gudun ruwa. Da an zuba su a ruwa sai masu gudun ruwan su cure a tsakiya, PEG ya lulluɓe su ta waje, a sami ɗan dunƙule mai faɗin nanomita 10 zuwa 100, maganin yana ƙunshe a cibiyarsa.

A kwalba lafiya lau yake. Amma da an yi allura sai ya tsinci kansa cikin jini wajen lita 5, kuma babu abin da ke riƙe da sarƙoƙin sai ƙin ruwa kawai. In yawansu ya yi ƙasa da ma'aunin da suke buƙata don curewa, dunƙulen ya warware. Ko bai warware ba, albumin da sauran furotin na jini suna janye maganin daga ciki. Genexol-PM, misel mai ɗauke da faklitaksel wanda Koriya ta Kudu ta amince da shi a 2007, ba a ɗaure yake ba. Ya yi amfani wajen raba faklitaksel da Cremophor EL, sinadarin da ake narkar da shi a ciki mai jawo borin jini, amma maganin ba ya daɗewa a cikinsa.

Ɗaurewa ita ce a ɗinke sarƙoƙin da juna da haɗin sinadari mai ƙarfi, ko dai a ɓawo ko a cibiya. Ɗaurin ɓawo, wanda ƙungiyar Karen Wooley ta bayyana a 1996, yana da tarko: in ba a tsinka ruwan sosai ba, misel ya ɗinku da maƙwabcinsa, aikin ya koma guda-guda. A ganina ɗaurin cibiya ya fi sauƙin sarrafawa, domin PEG na waje yana raba dunƙule da dunƙule.

Yadda aka saba yi shi ne a narkar da folima da magani a ruwan narkarwa irin su DMF ko DMSO, a ɗiga su a hankali cikin ruwa ana motsawa har misel ya haɗu, sannan a sa sinadarin ɗauri, misali sistamin in cibiyar tana da asid da aka shirya don ɗauri da sinadaran EDC da NHS. Daga nan a wanke da jakar dayalisis mai iyakar kilodalton 3.5, a tace da matata mai maikromita 0.22, a auna girma da DLS, na'urar da ke auna ƙwayoyi da haske. In PDI, ma'aunin bambancin girman dunƙulen, ya haura 0.2, a koma a duba, da alama wasu sun manne da juna. Gwajin da bai kamata a tsallake ba shi ne a jefa samfurin cikin DMF ko SDS, wani sinadari irin na sabulu. Wanda bai ɗauru ba zai ɓace, wanda ya ɗauru kumbura kawai zai yi.

Sai dai ɗaurin da ba ya kwancewa wata matsalar ce, zai taru a hanta da saifa da maganin a kulle. Don haka ake zaɓen haɗin da ya san inda zai tsinke. Haɗin disalfaid, irin wanda sistamin ke bayarwa, yana dogara da gulutatayon, sinadarin jiki mai tsinka shi, wanda a cikin ƙwayar halitta yake kai milimola 1 zuwa 10, a ruwan jini kuwa maikromola kaɗan ne. Haɗin haidirazon kuma tsami yake jira: yana jure pH 7.4 na jini, ya saki a pH 5 na laisosom, ɗan aljihu mai tsami a cikin ƙwayar halitta. A gwada duka biyun, kullewa da buɗewa. Milimola 10 na DTT, sinadarin da ke aiki irin na gulutatayon, ya kamata ya wargaza misel mai disalfaid. Haka nan in za a ɗaure da hasken UV ko radikal, a tabbata maganin bai lalace ba, a duba shi da HPLC, na'urar tantance sinadarai, bayan an gama.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ɗauka cewa ɗaure dunƙulen ya isa. Raga ce aka saƙa, ƙaramin magani yana iya sulalewa ta ramukanta, a wayi gari dunƙulen yana yawo a jini fanko. Gwajin sakin magani a ruwan gishiri ba ya nuna wannan, sai an yi shi cikin siram, wato ruwan jini, a digiri 37 na zafin jiki. Abin da ya sa ke nan CPC634 na kamfanin Cristal Therapeutics a Holan, mai girman nanomita 65 ko kusa da haka, ya ɗaure dosetaksel ɗin kansa a jikin cibiyar da haɗin esta mai tsinkewa sannu a hankali. An gwada shi a jikin mutane, kuma ya kai magani cikin ƙari fiye da dosetaksel na yau da kullum, amma a gwajin mataki na 2 kan kansar ƙwan mace da ta ƙi jin magungunan filatinom, ciwon bai ragu yadda aka yi fata ba.