Aikin sa-kai da kiɗa a ƙasar waje: abin da ɗan Sakkwato zai tarar a gidajen manya masu tawayar fahimta

Akwai matasa da dama a Sakkwato da suka iya kalangu ko gurmi, ko suke da muryar da in suka ɗauko baiti majalisa kan yi tsit. Idan suka ji cewa wasu gidaje a Turai na neman 'yan sa-kai da za su taimaki manya masu tawayar fahimta ta hanyar kiɗa, abin da ke fara zo musu a rai shi ne wasa: a tara jama'a, a kaɗa musu, kowa ya yi murna. Ba haka aikin yake ba. Sau da yawa ma gwanin wasa shi ya fi shan wuya a makonnin farko, domin hannunsa bai saba tsayawa ba.

Mutanen da za ka zauna da su manya ne, daga ɗan shekara 20 har mai 70. Akwai masu larurar Dawun, wadda ake haifar mutum da ita tana jinkirta masa koyo, akwai masu otizim, larurar da ke wahalar da magana da cuɗanya da mutane, akwai waɗanda raunin ƙwaƙwalwa tun haihuwa ya ƙage musu gaɓɓai. Ba masu taɓin hankali ba ne irin waɗanda ake kaiwa asibitin Kware, ko da yake a unguwanninmu ana yi musu kuɗin goro. Da larurar suka taso, kuma babu kiɗan da zai raba su da ita. Abin da ake nema ƙarami ne a ido: wanda ba ya iya jira a zo kansa ya koyi jira, wanda ba ya magana ya sami hanyar nuna "ba na so" ba tare da ya ciji hannunsa ba, wadda hannunta ya ƙage ta miƙa shi don ta taɓa ganga.

Jinya ta hanyar kiɗa sana'a ce mai karatu. A Amurka ta kafu bayan makaɗa sun riƙa shiga asibitocin sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya, kuma Jami'ar Jihar Michigan ta buɗe digiri na farko a wannan fanni a 1944. A 1959 Paul Nordoff, makaɗin fiyano, da Clive Robbins, malamin yara masu buƙata ta musamman, suka fara aiki tare a Ingila da salon da har yau ake koyarwa, inda makaɗi ke bin sautin da majinyaci ya yi maimakon ya ja shi. A Birtaniya doka ta hana mutum kiran kansa da sunan wannan sana'a sai ya yi digiri na biyu kuma ya yi rajista. Saboda haka ɗan sa-kai mataimaki ne, ƙarƙashin ƙwararre ko shugaban gida. Duk ƙungiyar da ta ce ka biya kuɗi ka zo mako biyu ka yi wa mutane jinya kai kaɗai, ka kama kanka.

Hanyoyin da suka fi tsari su ne na zaman wata shida zuwa shekara. Gidajen Camphill, waɗanda Karl König ya assasa kusa da birnin Aberdeen na Sikotilan a 1940, da na L'Arche da suka faro a Faransa a 1964, duk suna ɗaukar 'yan sa-kai su zauna gida ɗaya da mutanen. Jamus na da tsarin hidimar sa-kai na gwamnati da ke karɓar baƙi, da ɗan kuɗin kashewa, amma sai da Jamusancin da zai ishe ka gaisuwa da bin umarni. Bizar aikin agaji ta Birtaniya ba ta wuce wata 12, ba albashi, kuma sai gidan ya ba ka takardar ɗaukar nauyi. Za a nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda, da gwajin tarin fuka in zaman ya haura wata shida. Dokokin nan suna yawan sauyawa, a shafin gwamnatin ƙasar za ka tabbatar, ba a bakin dillali ba.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: kiɗan bai fi zama biyu ko uku a mako ba. Sauran lokacin girki ne, da aikin lambu, da rakiya zuwa asibiti, da taimaka wa wani ya yi wanka. Tun a hirar ɗaukar aiki ka tambayi ko za a bar ka ka kula da jinsinka kawai a sha'anin wanka, ka tambayi lokacin salla da abinci. Wanda kuma gidansu ba sa son kayan kiɗa, murya da tafi sun isa yin rabin aikin.

Shi zaman kansa minti 30 ne zuwa 45, da mutum huɗu zuwa shida a da'ira, ɗaki ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya kowane mako. A buɗe da waƙar gaisuwa mai ambaton sunan kowa, a rufe da waƙar sallama, kuma waɗannan biyun ba a taɓa sauya su. Kai za su gundure ka kafin wata ya cika. Su kuwa da su suke gane an fara, an gama, ba abin da zai faɗo musu ba shiri.

A tsakiya ne ɗan ƙasar Hausa ke da jarin da bai sani ba, wato amshi. Mun taso muna jin uban kiɗa ya ba da baiti 'yan amshi su karɓa, kuma a kan wannan aka gina yawancin aikin. Bambancin shi ne tazarar. Ka rera layi, ka bar kalmar ƙarshe, ka ɗauke hannu daga ganga, ka ƙirga goma a zuci. Sakan goma na shiru a ɗaki mai mutum shida yana da tsawo ƙwarai, kuma a nan sababbi ke faɗuwa: a sakan na uku sai su cike gurbin da kansu, ko su maimaita tambayar da wasu kalmomi. Mai jinkirin fahimta yana cikin sarrafa maganar farko ne, da ka sake ta sai ya koma farawa daga tushe. Amsar kuma ba lalle ta zo da baki ba. Tana iya zama ɗaga gira, ko motsa yatsa, ko numfashi mai ƙarfi. Duk wadda ta zo, ka mayar masa da ita a kan ganga, don ya san an ji shi.

Idan mutum ya shigo a hargitse, yana kai da komo, kada ka tare shi da kiɗa mai sanyi, zai ji kamar ba ka gan shi ba. Ka kama saurin tafiyarsa tukuna, ka bi shi minti biyu ko uku, sannan ka riƙa sassautawa kaɗan kaɗan har ka sauko wajen bugu 60 zuwa 80 a minti, daidai da bugun zuciyar mai hutawa. Kada kuma ka damƙi hannun kowa ka buga masa ganga da shi. Ka sa naka hannun a ƙarƙashin nasa, ta yadda zai iya janyewa duk sa'ad da ya so.

Kalangu ba abin farawa ba ne. Sautinsa da kaifi, yana hawa da sauka ba zato, kuma an yi shi don fili. A ɗaki yana iya sa mai otizim toshe kunne, ya sa mai ƙagaggun gaɓɓai ya zabura jikinsa ya sandare. Ƙwarya da aka kifa a kan tawul ana bugunta da tafin hannu ta fi, haka mandiri. Masu larurar Dawun kuwa da yawansu ba sa ji sosai, amma maganin wannan shi ne ka zauna gabansu su ga bakinka, ba ka ƙara ƙarfi ba. Wasunsu na da rauni a ƙashin wuya, don haka ban da rawar kaɗa kai.

Ni a ganina ma ka bar gangarka a gida. Fatar akuya da ke ɗaure tam a zafin Sakkwato saki take a danshin Turai, sai an gasa ta kafin kowane zama, ƙwarya kuma in ta daɗe kusa da na'urar ɗumama ɗaki tsagewa take. Ba a iya goge fata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ga shi ganga na bi hannu hannu, wani har baki yake kai ta. Jami'an kwastan ma suna sa ido kan fatar da ba a jeme ba: a 2006 wani mai haɗa ganguna ya mutu a Sikotilan, a 2008 wani a Landan, da antaraks, ciwon nan na dabbobi. Caki in ya fashe, tsakuwarsa na iya shaƙe wani. Gidajen suna da ganguna masu fuskar roba.

Farfaɗiya ta yawaita a cikin waɗannan mutane. In ta tashi a tsakiyar zama, ka duba agogo, ka janye kayan kiɗa, ka sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, ka kira ma'aikaci. Ba a sa cokali a baki, ba a danne shi, kuma yawunsa ba ya harbin kowa. In ya lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti biyar sai motar asibiti, 999 a Birtaniya, 112 a Jamus.

Kada ka rera wa ɗan shekara 50 waƙar reno don kawai ba ya magana. Tambayi danginsa ko ma'aikata abin da yake saurare tun yana saurayi. Kada ka ɗauki hoton kowa ka ɗora a Facebook, wannan kaɗai na iya sa a sallame ka. Bayan kowane zama rubuta layi uku a kan kowane mutum, abin da ka gani da ido: "ta riƙe sandar minti biyu", ba "ta ji daɗi" ba.

Tafiyarka ma sai an shirya mata. Saura mako huɗu a sanar da su, a manna takarda mai gida huɗu a bango ana soke ɗaya kowane zama. Ka naɗi waƙoƙin gaisuwa da sallama a waya, ka rubuta kalmominsu yadda Bature zai iya karantawa, ka zaunar da ma'aikaci ɗaya a zaman ukun ƙarshe ya riƙa jagoranta kana yi masa amshi.