Wata huɗu ina zargin idon yaro, ashe hannu ne

Jama'a, bari in fara da janye magana. Duk wanda ya ji hukuncin da na yanke a watan Nuwamba kan yaron nan ɗan baya, wato mai tsaron baya a wasan hoki na ƙanƙara, da nake bi a OHL, gasar matasa ta Ontario a Kanada, inda na ce yana kallo amma ba ya gani, to ya goge shi daga kansa. Ni ne ban gani ba. Sunansa dai har yanzu ba zan faɗa ba, haka ma ƙungiyarsa. Yaro ne ɗan shekara 17, ba zan so wata rana ya ci karo da shirmen ɗan koyo irina ba.

Tun Oktoba tsarin da na yi wa kaina shi ne: wata ɗaya a kan tafiyarsa a ƙanƙara, wata ɗaya a kan yadda yake tsare shuɗin layi, wato layin da ake tsallakowa a shigo gidansu, sannan fitar da ƙwallo daga gida, in rufe da harbi da maki, wato ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci. Tsarin bai kai sati uku ba ya wargaje. Ba ka iya kallon ƙafar ɗan baya ka rufe ido ga abin da sandarsa ke yi, duk a dunƙule suke zuwa. Daga baya ma na bar komai na maƙale a wuri ɗaya, wato abin da yake yi idan aka jefa ƙwallo kusurwarsa ya juya ya bi ta, ga mai matsa masa a ƙeya.

Ga abin da ya riƙa ɗaure mini kai. Kafin ya taɓa ƙwallon yana waiwaye, kuma ba waiwayen ganin idon koci ba. Sau biyu yake yi, ɗaya tun yana wajen da'irar da aka zana kusa da kusurwa, ɗaya dab da katanga. Kowa a cikinmu ya san wannan ita ce alamar farko da ake nema. To amma bayan waiwayen, abu biyu kawai yake yi: ko ya zagaya ta bayan raga, ko ya maka ta a gilashin da ke saman katanga ta fita, a yi ta kokawa a tsakiya. Sau da yawa ɗan tsakiyarsu yana sauko masa, ya buɗe, har ya buga sanda a ƙanƙara yana kira, yaron nan ya ƙi ba shi. Na tsayar da bidiyo, na mayar baya, na sake tsayarwa daidai inda kansa ya juya. Fuskarsa na kallon ɗan tsakiyar ƙuru-ƙuru. Amma ƙwallo sai gilashi.

Sai na rubuta a littafina cewa ƙwaƙwalwarsa ba ta sarrafa abin da idonsa ya ɗauko. Na ji daɗin jimlar nan sosai, har na ja mata layi.

Abin da ya ƙara rikita ni shi ne maki. Yana samun su, ba laifi, amma da na rarrabe sai na ga yawanci lokacin da aka kori ɗan wasan abokan hamayya ne, suna da rinjayen mutum ɗaya. A nan yaron wani mutum ne daban: yana tsaye a dama, a ba shi, ya harba ba tare da ya tsayar ba, ko ya yi kamar zai harba ya zura wa na bakin raga. Mai wannan dabarar ba za a ce ba shi da ido ba. Amma maimakon wannan ya sa in yi shakkar hukuncina, sai na ƙirƙiro masa bayani: ai idan akwai fili da lokaci kowa gwani ne, matsi ne ke tona asirinsa. Kun ga yadda mutum ke yi wa kuskurensa katanga da hannunsa.

Ga kuma bidiyon da nake biya. Kuɗin kallon kakar wasa gaba ɗaya na zuba, ya ci mini aljihu, amma a wasu filayen kyamara ɗaya ce tak, tana bin ƙwallo kamar akuya ta hango dusa. Ɗan baya kuwa rabin aikinsa yana faruwa ne inda ƙwallo ba ta. Lokacin da ake kai hari, shi yana can gefen hoto ko ma an yanke shi, ba ka ganin sa'ad da ya fara ja da baya, balle ka auna tazarar da ya bari tsakaninsa da mai tahowa. Akwai daren da hoton ya daskare a zango na biyu, ya dawo har an ci ƙwallo biyu. Na rufe kwamfuta na je na kwanta da haushi.

To me ya canza? Kasuwar musayar 'yan wasa ta OHL tana rufewa ne wajen 10 ga Janairu. Ƙungiyar yaron ba ta zuwa ko'ina bana, sai ta sayar da abokin tsaronsa, ɗaya daga cikin 'yan shekara 20 ɗin nan guda uku da doka ta yarda kowace ƙungiya ta riƙe. Ni da na ji labari cewa na yi shi ke nan, an cire masa ginshiƙi, yanzu za a ga tsiraicin wasansa. Don in tabbatar da hukuncina da idona na yanke shawarar zuwa fili. Na bar aikin yamma guda, wanda shi ne ya fi yi mini ciwo, na sha mai, na kama babbar hanyar 401 cikin dusar ƙanƙara, awa biyu da rabi maimakon ɗaya da rabi. Tikiti da kuɗin ajiye mota da abin taɓawa sun haura dala 60. Uwargida ta tambaye ni ko yaron ɗan uwanmu ne.

Na zauna can sama a kusurwa, inda masu littafi, wato masu tantance 'yan wasa, ke zama. Akwai wasu dattawa biyu sanye da baƙaƙen riguna masu kauri, kowa da kofin kofi da takarda a cinya, ba sa tafi, ba sa ihu. Ban yi musu magana ba, kunya ta hana ni, amma na lura abu ɗaya: idan ƙwallo ta tafi can, kawunansu ba sa binta.

Aka saki ƙwallon farko, sai na ga yaron a hagu.

Wallahi sai da na duba lambar rigarsa sau biyu. A nan ne abin ya faɗo mini kamar an watsa mini ruwan sanyi. Yaron nan da hagu yake riƙe sanda. Abokinsa da aka sayar ma da hagu yake riƙewa. Babba ya ɗauki ɓangarensa, aka tura ƙarami dama. Wata huɗu ina kallon mai hagu yana wasa a dama, na san da haka, yana ma rubuce a shafin farko na littafina, amma ban taɓa haɗa shi da matsalar ba.

Ku tsaya ku zana shi a takarda kamar yadda na yi a bayan tikitina. Mai hagu a dama, ya ɗauko ƙwallo ya juyo yana fuskantar gaba: katanga tana damansa, bakin sandarsa yana hagunsa, wato ta tsakiyar fili. Ƙwallon tana zaune a ɓangaren da mai matsa masa zai fi saurin kai sanda. Idan zai ba ɗan tsakiya ko abokin tsaronsa, sai dai da bayan sanda, a cikin cunkoso, a gaban ragarsu. Ɗan shekara 17 da ya san bayan sandarsa ba shi da ƙarfi, ya kuma san idan aka tare wannan bugun sai dai gola ya yi ta kansa, me zai yi? Zai zaɓi abin da cikin sandarsa ke iyawa: ya zagaya bayan raga, wanda juyi ne mai sauƙi a wurinsa, ko ya aika ta katanga. Kuma wannan tsayuwar ta dama ita ce dai ke buɗe masa harbi kai tsaye idan suna da rinjaye. Abu ɗaya ne ya haifi makin da ya burge ni da fitar ƙwallon da ta ba ni haushi. Ni kuwa na raba su gida biyu ina ta neman yadda zan sasanta su.

A fitarsa ta uku ko ta huɗu aka jefa ƙwallo kusurwar hagu. Ya juya, ya waiwaya, ya sake waiwayawa, kamar kullum. Mai binsa ya zo da ƙarfi zai manna shi da katanga. Sai ya ɗan karkata kafaɗa kamar zai bi bayan raga, mutumin ya biyo karkatar, shi kuwa ya danna gefen takalmi ya juyo ta katanga, ƙanƙara ta yi feshi, jikinsa tsakanin mutumin da ƙwallo, ya zura ta da cikin sanda ta ƙarƙashin sandar wani, ta sauka daidai kan sandar ɗan tsakiya yana cikin gudu. Babu wanda ya yi tafi, ba a ci komai ba, ba kuma za ta fito a takardar maki ba. Ni kaɗai na ce "kai!" da ƙarfi har wata tsohuwa a gabana ta juyo. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya sunkuya ya rubuta wani abu. Ban san me ya rubuta ba, amma na ji kamar ni aka ba maki.

Da na dawo gida na bi wasanni biyar da ya buga a hagu tun bayan cinikin, na ƙirga da hannu, sannan na koma biyar daga Nuwamba. Ba zan kawo muku lissafin ba, domin wasa biyar ba hujja ba ce a kakar da ake buga 68, amma bambancin ba sai an sa tabarau ba. Bugun tsakiya da a da sai ka yi zango guda ba ka gani ba, yanzu shi ne zaɓinsa na farko.

Kada dai ku ɗauka na koma ɗaya gefen na fara yi masa kirari. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Raunin bayan sandar nan rauni ne na gaske, a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, ba za a tambaye shi ɓangaren da yake so ba kafin a matsa masa. Masu riƙe sanda da hagu kuma sun fi yawa, don haka ba shi da tsadar da ake ba na dama. Na kuma gano wani abu da bidiyo ya ɓoye mini gaba ɗaya: idan yana ja da baya ya tashi juyawa ta damansa, yana ɗan miƙewa tsaye kafin ya juya, sai ya yi asarar taki guda. Sau biyu ɗan gefe mai gudu ya wuce shi ta nan a daren. Amma wannan aikin ƙafa ne, ana gyara shi da rani ɗaya ko biyu a hannun mai koyar da tafiya. Ido ne ba a saye a kasuwa, kuma shi ne na ce ba shi da shi.

Sannan akwai ranar haihuwa, wadda na yi wa riƙon sakainar kashi. Iyakar shiga zaɓen da ƙungiyoyin NHL ke ɗaukar matasa duk shekara ita ce mutum ya cika 18 zuwa 15 ga Satumba. Yaron nan ɗan ƙarshen rani ne, wato akwai waɗanda za a zaɓa tare da shi da suka girme shi da kusan shekara guda. A wannan shekarun wata goma ba wasa ba ne, ƙashi ne da tsoka. Matthew Schaefer, wanda New York Islanders suka ɗauka na 1 a 2025, an haife shi 5 ga Satumba 2007, kwana goma kacal ya raba shi da zaɓen shekara mai zuwa, kuma wasa 17 kawai ya buga wa ƙungiyarsa ta OHL, Erie, a kakar. Ba ina haɗa su ba ne, ko kusa, ina dai cewa masu sana'ar suna sa wannan a ma'auni, ni ban sa ba.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ko masu cin abinci da wannan aiki 'yan baya suna ba su kunya. Nicklas Lidström na 53 aka ɗauke shi a 1989, ya zo ya ci kyautar Norris, ta gwarzon ɗan baya a NHL, sau 7. Adam Fox na 66 a 2016, ya ci ta a 2021. Lane Hutson ya zauna har na 62 a 2022 saboda ƙanƙantar jiki, sai ga shi da kyautar Calder, ta gwarzon sabon ɗan wasa a NHL, a 2025 da maki 66. A ɗaya gefen kuma, lokacin da Detroit ta kira Moritz Seider na 6 a 2019, mutane da yawa sun riƙe baki saboda makinsa a gasar Jamus ba su taka kara sun karya ba, shi ma ya ci Calder a 2022. Wanda ya zaɓe shi ba takardar maki ya karanta ba.

Yanzu a littafina na ɗaga yaron daga "ƙarshen zaɓe ko a tsallake shi" zuwa zagaye na 3 ko na 4 cikin 7, da fensir na rubuta. Zan jira jerin ƙarshe na ofishin tantance 'yan wasa na NHL a watan Afrilu in ga inda suka ajiye shi, amma na yi wa kaina alkawari ba zan goge nawa don ya yi daidai da nasu ba. Na kuma ƙara layi biyu a saman kowane shafi, kafin ma a saki ƙwallo: hannun da yake riƙe sanda, ɓangaren da aka sa shi, da wanda aka haɗa shi da shi.

Tambayar da nake da ita gare ku, musamman masu bin sauran gasannin matasa na Kanada, WHL ta yamma da ta Kebek: akwai wanda ya samo hanyar auna tazarar ɗan baya daga bidiyon kyamara ɗaya? Ni dai na gwada ƙirga tsawon sanda a lokacin da mai hari ya taka jan layi, amma rabin lokaci yaron ba ya cikin hoton. Ƙungiyar yaron tana da wasa kusa da ni ƙarshen Fabrairu, na riga na roƙi abokin aikina mu yi musayar rana, wannan karon kuma da shayina a fulas zan tafi.